Kaluluwar wuyan Hamma Iro

Da saukar ruwan farko na bana, shekara talatin ke nan da muka kai yayana Ibrahim makwancinsa a bayan rugarmu da ke kusa da Ba'awa, a ƙasar Kiru. Hamma Iro muke ce masa, don a gidanmu Hausa da Fulatanci a haɗe suke, kuma Hamma ake kiran babban wa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana ma da ba don wani abu da ya faru da 'yarsa ba, da na sake ajiyewa. Ba yabonsa na zo yi ba, waɗanda suka san shi ba sa bukatar tuni. Na zo ne in faɗi wani laifi nawa da na ɓoye tun yana raye, in kuma isar da wata maganarsa da na danne.

Shekara bakwai ya ba ni. Da aka zo neman yaron da za a sa makarantar boko daga gidanmu, ni mahaifinmu ya miƙa, ba don na fi kowa kai ba, sai don na fi kowa rashin amfani a kiwo. Hamma yakan ce shanu da sun hango ni sai su fara shawarar gonar wa za su faɗa. Shi kuwa garke a tafin hannunsa yake. Ya san kowace saniya da sunanta da sunan uwarta, in ya tsaya a bakin fadama ya kira guda ɗaya, ita kaɗai za ta ɗago kai ta taho, sauran su ci gaba da cin ciyawarsu. Ban taɓa ganin ya jefi dabba ba. Ni dai na yi karatuna, na zama malamin dabbobi, aka tura ni Tudun Wada da babur da akwatin allura, da kuma girman kan da ya fi akwatin nauyi.

Abin da ya ɗaga ni a idon dangi shi ne shekarar da bushiya ta shigo, a farkon shekarun tamanin, cutar nan da ke kwantar da garke guda cikin 'yan kwanaki. Na zo da allurar rigakafi, mahaifinmu ya ce ba mai huda masa shanu suna lafiya lau. Hamma ne ya tsaya mini. Ya lallashi tsoho, sannan ya riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa ina yi musu. Namu suka tsira, wasu maƙwabtanmu kuwa sai sanda da igiya suka rage musu. Daga ranar maganata ta zama yankan wuƙa a gidan. Ba a kan dabba kaɗai ba, ko yaro ne ya kwana da zazzaɓi sai ka ji ana cewa a jira Manu, wato ni. Hamma ya laƙaba mini “likita”, rabi tsokana rabi gaske. Nakan ce ni ba likita ba ne, amma a hankali nake faɗa, yadda ba kowa zai ji ba.

Duk rani sukan gangara da shanu kudu, can ƙasar Doguwa wajen Riruwai, inda ruwa da ciyawa ba sa yankewa. Matsalar wurin ɗaya ce, ƙudan tsando. In ya ciji saniya sai sammore ya kama ta: ta rame, gashinta ya tashi, ta riƙa zama a bayan garke, kaluluwar gaban kafaɗarta ta kumbura. Duk makiyayi ya san haka, kuma abu na farko da muke yi shi ne mu danna wuyan dabba mu ji. A wani rani na farkon shekarun casa'in na hau babur na same su a can don in yi wa shanun allura. Muka gama wajen azahar, muka zauna a inuwar wata ɗorawa, matarsa Adda Hurera ta kawo mana fura da nono. Sai Hamma ya warware rawaninsa, ya kama hannuna ya ɗora a gefen wuyansa.

“Taɓa ka ji, likita,” in ji shi.

Guda uku na ji, a jere, kowane bai kai ƙwan zabo ba, suna motsi a ƙarƙashin fata. Na tambaye shi ko suna ciwo, ya ce ko kaɗan. Ya ce dai yana yawan gajiya, zufa na jiƙa masa riga in yana barci, kuma mazugin wandonsa ya fara yi masa yawa. A ranar na danna wuyan shanu da yawa, kuma hannuna ya riga kaina yanke hukunci. Rama, gajiya, kaluluwa, ga mutum a tsakiyar dajin ƙudan tsando. Na ce masa abin da ke damun shanunsa shi ke damunsa, da zarar damina ta faɗi sun koma gida sun bar dajin, za su sauka da kansu. Na ba shi maganin zazzaɓi da na ƙarin jini.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Hamma ya tambaye ni ko ya bar shanun a hannun ƙanin matarsa ya shiga birni a duba shi. Shi ya kawo zancen asibiti da bakinsa, mutumin da bai taɓa zama a aji ba. Ni kuwa da na yi boko, dariya na yi. Na ce zai je ya wuni a layi ne kawai a ce masa abin da na riga na gaya masa a kyauta. Ya mayar da rawaninsa ya ce to, tunda ni na faɗa. Ko da a ce cizon ƙudan ne da gaske, ai asibitin ya kamata in tura shi, kuma na san haka tun a lokacin.

Damina ta zo, suka dawo Ba'awa. Shanu suka murmure, suka yi ƙiba, kaluluwarsu ta sauka. Ta Hamma ba ta sauka ba, sai ma wasu suka fito a hammatarsa. Wanzamin garin ya ce a bari ya yi musu sakiya, Hamma ya ƙi, ya ce Manu ya ce a jira. Sau uku na zo gida a wannan shekarar, sau uku na danna wuyan nan, kuma kowane zuwa sai na samo dalili: dafin ƙudan ne bai gama fita ba, ko wahalar noma ce ta haɗu da ta kiwo. A zuwa na biyu na riga na san abin ya fi ƙarfin sanina. Amma in na ce a tafi asibiti, na ce ke nan maganata ta farko ba daidai ba ce, a gaban mutanen da ke tashi su ba ni tabarma. Haka ya sake bin shanu kudu a rani na biyu. A bakin mashaya ya yanke jiki ya faɗi, aka ɗoro shi a motar itace aka sauke mini shi a ƙofar gida a Tudun Wada.

A wani babban asibiti a Kano muka samu wani matashin likita, ba Bahaushe ba, don haka ni na zama tafinta. Suka yanki ɗan nama a wuyan suka kai bincike, bayan kwanaki aka ce sankara ce, irin wadda ke kama kaluluwa da jini, kuma ta yi nisa. Likitan ya tambaye ni tun yaushe aka fara ganin kumburin. Na ce 'yan watanni ne. Hamma na zaune a gefena yana kallon bakina, bai jin Turanci.

Shi ya matsa sai an gaya masa mene ne ya shige shi, ƙwaro ne ko iska ko guba. Likitan ya ce ba abin da ya shige shi daga waje. Jikin mutum, in ji shi, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace tana da aikinta da wa'adinta, in ta tsufa ko ta lalace sai ta mutu wata ta maye gurbinta. Wasu daga cikin nasa ne suka lalace suka ƙi mutuwa, suna ta taruwa suna cushe wa masu lafiya wuri. Maganin da ake da shi ruwa ne mai ƙarfi da za a riƙa ɗura masa ta jijiya, yana kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, mai laifi da wasu marasa laifi. Na fassara masa. Ya murza gemunsa, sannan ya ce:

“Ashe nawa ne, ba baƙi ba. To ni in saniyata ta ɓalle ba na far wa garke da duka, kiranta nake yi. Tambaye shi, Manu, ba wanda ya san kiransu?”

Likitan ya tambaye ni me ya ce. Kunya ta kama ni, na ga kamar za a ce ɗan'uwana baƙauye ne. Na ce yana godiya ne.

An yi masa ruwan. Ba na zargin kowa, abin da ke hannunsu ke nan, sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma na san mutanen da irin wannan maganin ya tashe su suna nan da ransu har yau. Amma na ga abin da ya yi wa yayana. Gashin kansa da gemunsa suka zube a kan matashi. Bakinsa ya yi gyambo har nono ma ba ya iya haɗiya, mutumin da ya tashi a kan nono. Kumburin ya ragu na wata biyu, muka fara murna, sai ya dawo ya fi da. Da aka zo zagaye na gaba ya ce a mayar da shi gida, yana son ya ji kukan shanunsa. Likitan bai hana ba.

Tambayar nan tasa da na haɗiye ta kwanta a cikina har watannin baya, ranar da 'yarsa Dije ta yi mini sallama a gidana. Tana da shekara takwas ya rasu, yanzu tana aure a Bebeji da 'ya'yanta huɗu. Bayan mun gaisa sai ta janye mayafinta daga wuya ta matso, ta ce, “Baffa, taɓa ka ji.” Kalmomin ubanta, har da yadda yake karkatar da kai. Na mayar da hannuwana bayana na riƙe ɗaya da ɗaya. Na ce ta ɗauko jakarta, a yau za mu ga likitan mutane. Ta yi mamaki, don ita a wurinta har yanzu ni ne Manun da ake jira.

Alhamdu lillahi, nata ba sankara ba ce. Wata cuta ce da ke jin magani, an ɗora ta a kansa kuma tana samun sauƙi. Amma a ranar da muka koma karɓar sakamako, likitar da ta duba ta, wata 'yar Kano mai haƙuri da tsofaffi, ta tambayi ko akwai mai irin wannan a dangi. Na ba ta labarin Hamma, sannan na yi tambayar da na daɗe ina tsoro: da a yau ya zo, me za a yi masa?

Ta ce ba za ta iya yanke mini ba, don sankarar kaluluwa iri-iri ce kuma ba ta ga takardunsa ba. Amma ta ce tun wancan zamanin masu bincike sun gano abubuwa da yawa game da yadda ƙwayar halitta ke mutuwa. Ba faɗuwa take yi haka kawai ba, umarni ne a rubuce a cikinta, in lokaci ya yi sai ta naɗe kanta cikin tsari, jiki ya kwashe ba tare da ɓarna ba. Da ta ji aikina, sai ta ce in tuna hantsar saniya bayan an yaye maraƙi, yadda take komawa ƙarama ba ciwo ba ruɓa. Ƙwayoyin da ke yin nonon ne aikinsu ya ƙare, suka ji umarni suka tafi. A wasu nau'o'in sankara, ƙwayar tana tara wani sinadari da ke tsare ƙofa ya hana umarnin isa. Yanzu akwai magunguna, wasu ma na haɗiya ne, da aka ƙera don su kama wannan mai tsaron ƙofar su riƙe shi. Da an riƙe shi sai ƙwayar ta ji abin da aka daɗe ana gaya mata, ta mutu da kanta.

Ta ja mini kunne kada in ɗauka an gama da cutar. Ba kowace sankara ke jin wannan hanyar ba. Maganin yana da nasa wahalhalun, har ma da kaɗan-kaɗan ake farawa, don in ƙwayoyin suka mutu da yawa a lokaci guda ƙoda na iya kasa kwashe su. Wani lokacin cutar kan sake samo wata dabarar toshe kunne. Ga tsada, ga wuyar samu a irin garuruwanmu. Na ji duk wannan. Amma ni abin da ke yi mini amsa-kuwwa a kai shi ne, ashe akwai masu neman kiran. Tun lokacin da Hamma ke zaune a kan bencin asibiti yana tambaya, wasu a wata duniyar suna kan wannan tambayar, ni kuwa na ce godiya yake yi. Na tashi na fita waje don kada Dije ta ga fuskata.

Nakan zauna in yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Dajin da suke zuwa cin rani ya zama abin da mutum ke shiga da fargaba, burtalin da muka bi muna yara an nome shi, jikokinsa kuma sun fi sanin waya da sunayen shanu. Waɗannan za su ɓata masa rai. Amma labarin maganin nan, na san ba mamaki zai yi ba. Zai gyaɗa kai ne ya ce ai dama, sannan ya tambayi abin da ya fi muhimmanci, wato ko makiyayin da ke bayan Riruwai zai iya samunsa, ko kuwa sai mai gida a birni. Kuma zai tsokane ni. Zai ce likita, kai da ka yi boko, sai da mai sanda ya riga ka.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa na je Ba'awa da niyya ɗaya. Tun daga kwanar Dangora nake maimaita kalmomin a kan babur: Hamma, ni na ɓata maka shekara guda, kai ka ce a je asibiti ni na hana, ka yafe mini. Da hantsi na isa. An shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya inda zai riƙa ganin shanu suna fita. Ya zama ƙashi da fata. Ya gwada kiran Wule, wata saniyarsa mai farin goshi, muryar ba ta fita sosai ba, amma saniyar ta tsaya ta waiwayo. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe baki zan fara, sai ya kamo hannuna ya kai wuyansa.

“Taɓa ka ji, likita.”

Sun haɗe sun zama dunƙule guda, da tauri kamar dutse, tun daga ƙarƙashin kunne har kafaɗa. Ya zuba mini ido yana jira. Duk abin da na haddace ya gudu. Na ji bakina yana cewa, “Sun fara sauka, Hamma.” Ya yi murmushi, ya ce madalla, tunda ni na faɗa. Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya gaya wa Adda Hurera cewa Manu ya ce sun fara sauka. Na tashi na ce zan je in yi alwala, alhali lokacin salla da saura. Na zagaya bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba ko a ranar jana'izarsa. Ban sake samunsa a cikin hayyacinsa ba.

Shekara talatin ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Na riƙe 'ya'yansa, na aurar da su, Adda Hurera har ta koma ga Allah tana gaishe ni da girmamawa. Nakan ce a raina, da sun san abin da na yi, da ba su sha ruwa a gidana ba. A motar da ta dawo da ni da Dije daga asibiti ranar karɓar sakamakon nan, mun wuce gari ke nan, na ga in ban faɗa yanzu ba sai dai a kabari. Na gaya wa Dije komai, tun daga inuwar ɗorawa har gindin tsamiya. Ta saurara tana kallon gonaki ta taga. Da na gama sai ta ce ta sani. Innarta ta gaya mata tun kafin ta yi aure.

Ta ce a ranar, da na tashi na zagaya bayan rumbu, ya kira innarta ya ce mata: “Ba su sauka ba, Hurera, ni ma ina da hannu. Tun a Riruwai yaron nan yake ɗauke da abin nan a ransa. A bar shi a kan sun sauka. In na tafi kada wanda ya tayar masa da zancen, shi zai riƙe muku gida.”

Yaron nan. Ina da shekara talatin da takwas a lokacin, da mata da 'ya'ya da babur na gwamnati.

Garken ya watse tuntuni, an raba gado, wasu an sayar, jinin Wule ma ban san inda ya ƙare ba. Tsamiyar tana nan, kabarin kuwa sai wanda ya sani ne zai nuna shi. Abin da ya rage na Hamma Iro shi ne tambayarsa, wadda yau na fassara ta bayan shekara talatin, da kuma wannan rufin asirin da ya yi mini, wanda gida guda suka riƙe ba tare da na sani ba. Ina roƙon duk wanda danginsa ke jiran bakinsa a kan ciwo, don ya yi boko ko yana aiki kusa da magani, in aka ɗora hannunsa a kan kumburin da ba ya ciwo, ya ce bai sani ba, a je a duba. Ni ban iya faɗin haka ba sai da na tsufa.

Allah Ya jiƙan Hamma, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe wa wanda bai ma iya roƙonsa ba. A da ina zaton ni na je in kwantar masa da hankali da ƙaryata a ranar nan. Ashe shi ya kamo hannuna, tun kafin in furta komai, don kada in faɗi abin da zai sa in kasa ɗaga kai a gaban 'ya'yansa.